Gejin baƙin mai na 504 ɗina bai yarda da galan ba, ga kuma wani faranti a cikin botom-filet

Magajin Akori-kura, ƙasar Gumel

Assalamu alaikum. Kanikawa da masu riƙon tsofaffin motoci, shawara nake nema.

Akwai akori-kurar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Peugeot 504 haɗin Kaduna. Da ita ya yi ta jigilar riɗi da zoɓo zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan rasuwarsa ta daɗe a gindin darbejiyar ƙofar gida, kaji suna ƙwai a bayanta, 'yan gwangwan suna ta zarya suna taya ta. Yayyena suka ce a sayar a raba, ni kuma na ce a yi mata kuɗi a cire a cikin rabona. Bara da aka sayar da amfanin gona na fara tashinta a hankali. Burina ta koma yadda ta fito daga kamfani, don haka duk masu cewa in dasa mata injin Toyota in huta, na gode, amma ba shi nake so ba.

An yi wa injin garambawul. Sabon fistin da ringi da silif (hannun rigar ƙarfen da fistin yake hawa da sauka a ciki), an kai karanshaf (sandar da fistin suke juyawa) Kano an goge shi, an sa sabon metal (ɓawon ƙarfe mai santsi da karanshaf yake juyawa a kai). Wajen sauke injin ne bututun da gejin mai, wato tsinken ƙarfen da ake zarowa a duba yawan baƙin mai, yake shiga ya karye daga gindi, dama tsatsa ta gama cinye shi. Gejin kansa tun motar tana ajiye yara suka yi gaba da shi. Botom-filet kuma, wato kaskon ƙasan inji da baƙin mai yake taruwa a ciki, ya huje ta ƙasa. Sai na shiga birni na sayo ukun, bututu a shago ɗaya, geji a wani shagon, botom-filet kuma a hannun wani mai kayan tsofaffin motoci. Kowannensu ya ce min na 504 ne.

A cikin botom-filet ɗin akwai wani farantin ƙarfe mai huji-huji da aka shimfiɗa daga sama aka kama da walda, kuma daga ganin waldar ba ta kamfani ba ce. A tsohon namu ban ga irinsa ba. Bakaniken garinmu ya ce a bar shi, ba ya cin komai.

Da aka haɗa inji aka juye galan ɗaya cur, mai lita 4. Na zaro geji, man ko layin ƙasa bai kai ba, bakin gejin kawai ya ɗan jiƙe. Yaron gareji ya yi ta ƙarawa har ya hau layin sama. A tsaye motar tana aiki lafiya lau. Amma da na hau titin Gumel na ɗan taka ta, sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ta salansa, jar wutar mai tana ƙiftawa, ƙasan inji wajen fulawil yana ɗiga. Na tsaya na zaro geji, duk ƙananan kumfa a jikinsa. Wani abin kuma, in ina mayar da gejin sai in ji ya toge a wani wuri, sai na murɗa shi kafin ya ƙara shiga.

To wa zan gaskata, galan ko geji? Shi wannan faranti mene ne aikinsa, a bar shi ko a yanke? Kuma bututun yana ɗan girgiɗi a raminsa, yaya ake kafa shi ya zauna daram? Motar tana ajiye yanzu, ban sake tashinta ba.

Tsohon Bakanike, Haɗeja

Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka, kuma ka kyauta da ka kashe ta ka ajiye. Kada ka sake murza makulli sai ka rage man nan.

Galan za ka gaskata. Injin fetur na 504 lita 4 yake sha, haka yake tun muna yaran gareji. Sai dai ka duba jikin galan ɗin tukuna, don yanzu akwai mai lita 4 akwai mai lita 5, siffarsu kusan ɗaya.

Geji ba shi da wayon kansa. Abin da yake aunawa shi ne nisan da ke tsakanin bakin bututu, inda wuyansa yake tsayawa, zuwa saman mai. Ke nan geji da bututu tare aka yanka su a kamfani. In bututun ya fi na asali tsawo da faɗin yatsa ɗaya, gejin zai rataye sama da inda ya kamata, ya ce maka babu mai alhali ga shi nan cike. In kuma bututun ya gaza, sai ya ce maka a cike take alhali famfon mai yana shaƙar iska, wannan ma ya fi haɗari. Kai ka sayi bututu a nan, geji a can. Mai shago bai yi maka ƙarya ba da ya ce na 504 ne, amma 504 ɗin ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai injin 1.6, akwai 1.8, akwai 2.0, ga ta dizal, ga kayan 404 da 505 da suke cakuɗe a buhu ɗaya a kasuwa. Ƙari a kan haka, injin fetur na Peugeot ɗin nan a kishingiɗe yake zaune a cikin mota, ba a tsaye ba, shi ya sa lanƙwasar bututu kaɗan take canza inda bakin geji zai sauka.

Kumfar da ka gani kuwa, man ne ya yi yawa har ya taɓo karanshaf. Ka san yadda maburgi yake yi wa nono a ƙwarya? Haka karanshaf yake kaɗa mai in ya same shi. Famfo ba ya iya matsa kumfa yadda yake matsa mai, sai ƙarfin mai ya faɗi, jar wuta ta kama, metal ya riƙa gudu a kan iska. Wanda aka watsa sama kuma ya fi ƙarfin ringi, ya haura ya ƙone, ga hayaƙinka nan. Saura ya nemi hanya ta bayan inji.

Amma ka tabbatar kumfa ce. Ka ɗiga man a kan farar takarda ka bar shi. In ƙananan ƙwayoyin iska ne za su baje, man ya koma kalarsa. In ya zama fari-fari mai kauri bai sauya ba, to ruwa ne ya shiga, kuma a injin nan da silif ɗinsa yake zaune cikin ruwa, wurin da za a fara tuhuma shi ne gindin silif da gaskit na sama. Ka shinshina shi ma. In yana warin fetur, fatar famfon fetur ce ta yage tana zuba a cikin inji.

Yadda za ka yi wa gejinka sabon layi: ka sami wuri shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti, ba yashin ƙofar gida da taya ɗaya take nutsewa ba. Ka kwance notin ƙasa ka bar man ya tsane sarai, ka cire filta ita ma. Abin da ya fito ka auna shi da gora mai alamar lita, ka zo ka faɗa mana. Ka ɗaura sabuwar filta, ka zuba lita 3, ka tashi inji minti biyu don filta ta cika, ka kashe, ka jira kamar minti goma. Zaro geji, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Inda mai ya tsaya ka ja layi da zarto, layin ƙasa ke nan. Ƙara lita 1, jira, sake ja, layin sama ke nan. Tsofaffin layukan ka goge su da fayil gaba ɗaya, domin wata rana wani mai juye a bakin titi zai bi su ya sake cika maka.

Duk wannan sai bayan bututun ya zauna. Bututu mai girgiɗi yau zai nuna maka wani abu gobe wani. Ka duba ramin da kyau da tocila, sau da yawa guntun tsohon bututun yana nan a maƙale a ciki, sabon bai sami shiga har gindinsa ba. Tunda za ka sauke botom-filet, ka turo guntun daga ciki zuwa waje. Wajen kafa sabon kada kowa ya doki bakinsa na sama da guduma, zai buɗe ko ya lotse. Sifana mai buɗaɗɗen baki ake ɗorawa a kan kumburin da ke gindin bututun, a riƙa bugun sifanar a hankali. In ya yi tsauri, ka sa shi a leda ka tura cikin ƙanƙarar masu sayar da lemo, ƙarfe yana ɗan tsukewa in ya yi sanyi. Ka shafa gam ɗin gaskit kaɗan a gindin. In yana da kunnen da ake ɗaurewa a jikin inji, a ɗaure shi, rashin ɗaure kunnen nan ne yake karya bututu a hanyar burji.

Direban layin Maigatari

Malam, ni dai shawarata ka yanke farantin nan ka jefar. Na ja 504 wagon shekara da shekaru, Kano zuwa Gumel zuwa Maigatari, mutum tara da kaya har kan rufi, ban taɓa jin an ce sai da wani faranti a cikin inji ba. Abin da Bature bai sa ba, wani mai walda ya zo ya liƙa, ranar da waldar ta saki a cikin inji wa zai biya ka?

Kuma ka kula da wuyan gejin. In babu roba ko ta bushe, ƙurar hunturu ta nan take shiga kai tsaye cikin mai, ba ta bi ta kowace filta ba. Mu da tsumma muke naɗewa in roba ta mutu, amma tsumma maganin kwana biyu ne. Ka nemi roba. In kuma ka ga geji yana ɗagowa da kansa bayan tafiya, ka duba tiyon numfashin inji, ya toshe ke nan, ko ringi bai gama zama ba.

Baba na Haɗeja, a gaishe ka. Maganarka ta goge tsohon layi gaskiya ce, an taɓa cika min mai a kan haka.

Malamin Fasaha, Kazaure

Baba ya gama magana a kan geji, ba ni da abin ƙarawa. Farantin nake so in ɗan tsaya a kai, don direba ya yi saurin yanke masa hukunci, ko da yake a ƙarshe ba mu yi nisa da juna ba.

Ƙarfe iri biyu ake samu a cikin botom-filet, kuma mutane suna haɗa su. Akwai katanga, wadda take tsaye ko take rufe rijiyar da famfo yake zuƙa, aikinta ta hana mai gudu gefe ɗaya in an taka birki ko an sha kwana ko ana hawan tudu. Akwai kuma faranti da yake kwance tsakanin karanshaf da man da ke ƙasa. In inji yana juyi 3,000 a minti, karanshaf yana zagayawa sau 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Iskar da yake tayarwa tana ɗebo mai daga ƙasa, ga wanda yake zubowa daga metal da silinda, duk su naɗe a jikinsa suna zagayawa tare da shi. Wannan yana cin ƙarfin inji kaɗan, yana ɗumama mai, yana cusa masa iska. Farantin yana kankare man nan, ya zirara ta hujojin zuwa ƙasa, kuma ya kare na ƙasan daga guguwar. Don haka ba shirme ba ne. Kamfanoni da kansu suna sa shi a injina masu gudu, kuma masu tsere suna saye su ƙara. Masu Volkswagen Beetle ma, wadda lita 2.5 kacal take sha, ana sayar musu da irinsa.

Sai dai amfaninsa yana fitowa ne a babban juyi. Akori-kura mai ɗaukar buhunan riɗi a hanyar ƙauye ba a can take rayuwa ba. Kuma farantin ba ya maganin man da ya yi yawa. In mai ya haura samansa, an gama.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mu san don wane inji aka yanka shi ba. Injin 404 mai cc 1,618 tafiyar fistin ɗinsa milimita 73 ce. Na 504 mai cc 1,796 da mai cc 1,971 kuwa milimita 81 ce. Bambancin milimita 8 ke nan, wato hannun karanshaf yana sauka ƙasa da milimita 4 fiye da na ƙaramin. Farantin da aka auna a kan ƙaramin inji yana iya gogar kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, a babban. Ka sauke shi ka duba samansa a rana. Duk inda ka ga ƙarfe yana ƙyalli kamar an goge, wani abu yana taɓawa. In ba ka ga komai ba, ka manna ƙwallayen sabulu mai laushi ko danƙo a kansa, ka ɗaura botom-filet da gaskit ɗinsa da noti huɗu, ka juya inji da hannu zagaye biyu, ka sauke ka ga kaurin da ya rage. Ƙasa da milimita 3 ni ba zan yarda da shi ba. Da wannan dabarar ka auna tsakanin rariyar famfon mai da ƙasan botom-filet, ana son kamar milimita 6 zuwa 10. In ta matse ƙasa ba za ta sha ba, in ta yi sama za ta shaƙi iska tun mai bai yi ƙasa sosai ba. Tunda botom-filet ɗin ma baƙo ne, wannan awon wajibi ne ko da faranti ko babu.

Togewar da kake ji, ina kyautata zaton bakin geji ne yake dukan farantin. Dole a huda masa hanya daidai inda zai wuce. Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba. A Amurka masu gyaran tsofaffin Chevrolet V8 suna cin karo da shi kullum, domin a 1980 kamfanin ya mayar da geji daga gefen hagu na inji zuwa dama, sai wanda ya haɗa bulok na kafin shekarar da botom-filet ko faranti na bayanta ya tarar hanyar geji a toshe. A waɗansu injinan nasu har ƙaramin bututu na biyu ake sawa daga ciki don ya raka gejin ya wuce farantin. Gejin da ya kauce hanya yana iya lanƙwashewa ya shiga gaban karanshaf, a tsinci guntunsa a rariya.

Tunda ka ce so kake ta koma yadda ta fito daga Kaduna, ni da za ka samu botom-filet na asali irin na injinka, da shi zan ce ka saka. Motar nan an fara ta a Faransa a 1968, Kaduna ta fara haɗa Peugeot a 1975, kuma 504 ba ta daina fitowa a can ba sai wajen 2006. Kayanta ba su ƙare a ƙasar nan ba. Ka tafi da tsohon naka mai hujin a hannu a gwada su gefe da gefe.

Magajin Akori-kura, ƙasar Gumel

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka. Mun tura motar zuwa daɓen injin niƙa na maƙwabcinmu muka juye. Abin da ya fito ya haura lita 5 da rabi. Na ɗiga a takarda, kumfar ta baje, babu fari, babu warin fetur, alhamdu lillahi.

Guntun tsohon bututu yana nan a ramin kamar yadda ka ce, wani zobe ne na tsatsa, sabon bututun a kansa ya zauna. Malam na Kazaure, naka zaton ma ya tabbata. Hujin da aka yi wa geji a farantin ya kauce, akwai ƙarzuwa a gefensa inda bakin gejin yake sauka, bakin ma ya ɗan tanƙware. Ban ga ƙyalli a inda kwanrod yake wucewa ba, amma walda ɗaya daga cikin na kusurwa ta tsage, ina taɓawa da sukudireba farantin yana motsi.

Tsohon botom-filet ɗinmu yana nan, ban bai wa 'yan gwangwan ba. Hujin bai fi kan ɗan yatsa ba. Mai walda na Gumel ya ce zai iya toshe shi da waldar gas. In mayar da shi, ko in ci gaba da neman wani? Sannan ƙiftawar da jar wutar nan ta yi tana damuna. Tafiyar ba ta da nisa, amma metal ɗin sabo ne.

Tsohon Bakanike, Haɗeja

Mayar da na mahaifinka. Faranti mai tsagaggiyar walda ba ya komawa cikin inji, a nan direba ya yi gaskiya. Amma kafin a toshe hujin a kankare tsatsar kewaye da shi har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, don inda ya huje ɗaya gefensa ma ya yi siriri. A wanke shi tas, kada a kai masa wuta da sauran mai ko fetur a jiki. Faci za a ɗora daga waje, ba ɗigon walda kawai ba. Bayan an gama ka zuba kananzir a ciki ka ajiye a kan busasshiyar takardar siminti ya kwana, in akwai yoyo za ka gani. Ka ɗora bakinsa a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen ƙarfe ka ga ko zafi ya murɗa shi, in ya murɗe gaskit ba zai riƙe ba.

Gejin da ya tanƙware ka miƙar da shi a kan katako kafin ka ja sabon layi, ba bayan ka ja ba.

Maganar metal, tunda ƙasan injin a buɗe yake, kada ka yi ta zullumi. Ka sa bakanikenka ya kwance hular kwanrod ɗaya ko biyu, na nesa da famfon mai, ku duba. In fuskar metal ɗin toka-toka ce sumul, a shafa mai a mayar, a ɗaure da sifana mai awo, kowace hula a inda ta fito kuma ta fuskanci inda take fuskanta. In kun ga jan ƙarfe ya leƙo ko zane mai kama farce, a canza saitin duka, kuɗinsa bai kai na sake goge karanshaf ba. Tsohuwar filtar ma ka yanka ta ka baje takardar a rana ka nemi ƙyalli.

Jar wuta ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, don haka rashin kamawarta ba shaida ba ce. In kun tashi injin, ku ari agogon awon ƙarfin mai ku ɗaura a ramin suwic ɗin da ke kunna jar wutar, ku karanta da sanyi, ku sake karantawa bayan ya yi zafi, a tsaye da kuma an ɗan taka. Ka rubuto min lambobin huɗu. Wane mai ka zuba ma tukuna, 20W-50 ne ko SAE 40?